Kan da Nake Biya wa Lanho

Sunana Furera, ɗiyar Rabo mai igiya na Zangon Tanimu, can gefen Gangara. Na mutu ina da shekara goma sha huɗu. Ku daina yi mini wannan kallon, ga ni zaune, haƙorana ne kawai suka riga ni tafiya. A takarda na mutu, kuma babana ne ya kashe ni da bakinsa, ina ji da kunnena. Labarinsa zan ba ku, don yaran yanzu in aka ce Rabo sai su ce wane Rabo, kuma abin yana ci mini rai.

Gajeren mutum ne, siriri, mai yawan tsokana. Kakanninsa daga arewa suka gangaro bayan raƙuman wasu, suka gaji da yawo, suka kafa zango suka kama fartanya. Shi bai gaji ko bindin raƙumi ba. Abin da yake da shi gona guda ce ta gero, da jaki, da hannuwan da ba sa zama haka nan. Kaba yake yankowa ya jiƙa, ya zauna gindin bishiyar bedi, ya maƙale bakin igiya da babban yatsan ƙafa, yana tufka yana zuba surutu. Daga kasuwar Gangara har Gazawa, in mace ta ce igiyar gugarta ta shekara ba ta tsinke ba, to ta Rabo ce. Ba ya ƙarya a ciniki. In igiya gaba tara ce ba zai ce goma ba, ko da mai saye makaho ne, kuma Inna Dija, uwata, ta sha yi masa faɗa a kan haka.

Ni kaɗai na rayu a cikin 'ya'yansu. Sunan mahaifiyarsa ya sa mini, saboda haka bai taɓa iya kama sunan a bakinsa ba. Uwata yake ce mini. "Uwata, kawo ruwa." "Uwata, wa ya taɓa ki?" A duk zamana da shi sau biyu rak na ji kalmar Furera ta fito daga bakinsa, kuma duka biyun a gaban mai riƙe da alƙalami.

A lokacin, abin da ya fi kura ban tsoro a ƙauye shi ne lanho, wato harajin kai. Kowane gida yana da karti, takarda mai kauri da sunayen mutanen gidan a jere, kuma uwar takardun tana can buro, wato ofishin gwamnati, a garin kumandan mai mulkin yankinmu. Yaro ba ya biya. Amma ranar da aka dube shi aka ce kansa ya isa, shi ke nan, ya shiga lissafi har ya tsufa. Mai gari Jaye ne ke tarawa ya kai, kuma in kuɗin bai cika ba shi ake fara riƙewa, don haka shi ma ba ya jin roƙo.

Damina biyu a jere ruwa ya yi mana rowa. A ta biyun Baba ya kasa cika kuɗin kai biyu, nasa da na Inna. Dogaran kumandan masu jar hula suka zo, suka zaunar da shi da wasu magidanta shida a filin ƙofar mai gari, cikin rana, tun hantsi har la'asar, ba ruwa, ba hula. Ina leƙe ta katangar kara ina kuka. Kashegari ya ja jakinsa kasuwa ya dawo da igiyar wuyan a hannu. Ya ce wa Inna, yana dariyar da ba ta kai ciki ba, ai bai yi asara duka ba, igiyar tasa ce.

Shekarar da ta biyo, saba'in da uku ke nan, ko iri ba mu mayar ba. Kuma a shekarar ne aka aiko za a yi ƙidaya, a sabunta karti. Ni ko na yi tsawo kamar karan dawa, ƙirji ya fara fitowa, ko makaho ya san kaina ya isa lanho. Kai uku ke nan a gidan da ya sayar da jaki don kai biyu.

Ranar da mai ƙidaya zai shigo layinmu, Baba ya kira ni bayan ɗaki. Bai kalle ni ba. Ya ce, "Uwata, hau rumbu. Duk abin da kika ji, kada ki yi tari." Ya ɗaga ni na faɗa ciki, ya mayar da murfin. Rumbun ba komai sai ƙaiƙayi da kashin ɓera, ga zafi kamar cikin tukunya. Ina nan tsugune na ji sallama, na ji an shimfiɗa tabarma, na ji mai ƙidaya yana karanto sunaye.

"Rabo Mamman?"

"Ga ni."

"Dija?"

"Tana ciki."

"Yarinyar fa? Ya sunanta?"

Wallahi na ɗauka ba zai iya ba. Can sai na ji muryarsa: "Furera. Ta rasu. Ƙyanda ce, da bazara."

Mai gari Jaye ya ce haka ne, shi ya yi mata salla. Inna, wadda aka ce ta yi kukan ƙarya, ta fashe da na gaske, har mai ƙidaya ya yi musu ta'aziyya. Ya ja layi a kan sunana ya wuce gidan gaba. Da Baba ya ɗaga murfin ya fiddo ni, sai ya ce, "To, Uwata, yau kin huta da gwamnati." Ranar bai taɓa kaba ba.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ne. Mu goma sha bakwai aka kashe a Zango ranar nan, 'yan mata da samari, har da wani ƙato mai gemu da aka ɓoye a ramin rini. Da yunwar ta wuce sai abin ya zama abin wasa. In muka haɗu a rijiya sai a ce, "Ke gawa, ja mana guga." Da Mahmudu ya fito neman aurena, ni ma ina son sa ba kaɗan ba, uwarsa cewa ta yi Allah ya kashe ya ba su, amarya marar lanho. Ba wanda ya yi gigin kai sunana buro. Wa zai ɗauki ƙafa ya je ya ce a ƙara masa haraji? Na haifi Isaka, na haifi Adama, daga baya na haifi Tala. Ba a rubuta ko ɗaya ba, don ba a rubuta ɗa sai ƙarƙashin sunan uwarsa, kuma uwarsu tana lahira tun kafin a yi cikinsu.

Baba kaɗai ne wasan bai taɓa ba shi dariya ba. In ya ji an ce mini gawa, sai ya tattara kabarsa ya bar wurin.

Bayan sojoji sun karɓi mulki da 'yan shekaru, aka tara mu aka ce an yafe babban lanho. Mata suka yi guɗa. Sai mai shela ya ce a saurara, akwai ƙanensa, na arondisma, wato na yankinmu. Wannan, in ji shi, ba zai tafi Yamai ba. A gida zai zauna, a cikin kes, wato asusun yanki, da shi za a yi mana rijiya, da ɗakin magani, da lakol, wato makarantar boko. Kowa ya taɓe baki, ban da Baba. Shi dai ya ji rijiya! Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tufka igiyar guga, a ce za a gina rijiyar siminti a Zango da kuɗinsa? Tun daga ranar shi ke fara biya. Har ya je wurin mai gari a asirce ya ce yana so a tashe ni, a mayar da ni karti, tunda yanzu kuɗin namu ne. Jaye ya ce masa, "Rabo, ni na ce na yi mata salla. So kake a tuɓe mini rawani? Koma gida."

Rijiyar ko, wata shekara kamiyo, babbar motar kaya, ya zo ya sauke zoben siminti biyu a bakin gari. Aka ce saura suna tafe. Awaki suka mayar da su wurin shan inuwa. Duk shekara in Baba ya biya sai ya tambayi mai gari labarin saura, mai gari ya ce shi ma an ce masa kuɗin bana ba su kai ba, sai baɗi.

Sai shekarar tamanin da huɗu. Ni dai ban ga irinta ba, kuma ina roƙon Allah kada jikokina su gani. Aka yi shuka sau uku, sau uku ta ƙone. Makiyaya suka gangaro da shanu suna faɗuwa a hanya, ana sayar da saniya kuɗin tiyar gero biyu, mai saye ma yana yanga. Mahmudu ya ce zai tsallaka Katsina ya nemo mana abin sawa a baki. Iyaka a rufe take a lokacin, ta daji ya bi. Ban sake ganin sa ba, har yau ban san inda ƙasa ta rufe shi ba. Iyayensa suka kulle gida suka bi ayarin masu gudun yunwa. Na goya Tala, na riƙo Isaka da Adama, na koma gidan Baba. Mu shida ke nan a kan rumbun da babu komai.

Muka ci dusa har ta ƙare. Muka ci ganyen jiga. Muka koma anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu. Igiya ko ba mai saye, rijiyoyin ma sun ƙafe.

Da aka ce hatsin taimako ya iso, har rawa Inna ta taka. Muka tafi filin mai gari gaba ɗaya da ƙorai. Jar dawa ce, a buhuna. Sai wani ma'aikaci ya hau kan tebur ya ce a yi layi, kowa ya fito da kartinsa. Da karti za a raba. Babba tiya uku a wata, yaro ɗaya da rabi, kuma sai an kira suna mai sunan ya amsa da bakinsa.

Jama'a, kun taɓa jin gari ya yi tsit da rana tsaka? Mu matattun Zango muka dubi juna. Yanzu ba mu goma sha bakwai ba ne, mun hayayyafa, mun fi hamsin. Aka kira Rabo, aka kira Dija, aka zuba musu tiya shida. Na matsa na ce, "Ranka ya daɗe, ni fa? Ga yara uku." Ya duba kartin ya ce, "Baiwar Allah, ba kya nan." Na ce ga ni a gabanka! Ya ce shi ba gabansa aka ce ya duba ba.

Tiya shida, baki shida, wata guda. Nonona ya ƙafe. Tala ta yi ta tsotsa tana kuka, daga baya ta daina kukan, wanda ya fi kukan muni. Ranar wata Laraba da hantsi ta cika a cinyata. Baba ne ya haƙa mata, ya ɗauke ta a hannu ɗaya cikin tsumman zane. Da ya dawo ya tarar Adama kwance, ƙafafunta sun fara kumbura. Na dube shi, na faɗa masa maganar da har gobe nake cizon yatsa a kanta. Na ce, "Ka kashe ni don kuɗin lanho jika guda, ga shi ka fara kashe mini 'ya'ya." Inna ta ɗaga hannu za ta mare ni, ya ce ta bar ni, gaskiya na faɗa. Ya ɗauko kartin daga cikin tukunyar da ake ɓoye shi, ya ce, "Uwata, tashi. Za mu buro."

Kwana biyu muka yi a ƙafa, mun bar yaran wurin Inna. Hanya duk gawar dabbobi da mutane masu kaya a ka. A Gazawa wata mata mai ƙosai da ba ta da ƙosan sayarwa ta ba mu ruwa da ɗan ƙanzo. Baba ya ce ya ƙoshi, ni na cinye, ko kunya ban ji ba.

A buron aka nuna mana ɗakin mai riƙe da littafin lanho. Mushe Alhassan ake ce masa, kun san haka ake kiran 'yan lakol. Baba ya raɗa mini cewa mun zo daidai, gawa ta zo wurin mushe. Ban yi dariya ba. Mutumin ba babba ba ne, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, idonsa ja. Baba ya durƙusa, ya miƙa karti, ya faɗi abin da ya yi shekara goma sha ɗaya da suka wuce, bai rage komai ba, sai dai bai ambaci mai gari ba.

Mushe Alhassan ya dafe kai. Ya ce, "Baba, daga safe zuwa yanzu ɗiyarka ce ta tara da ta tashi daga kabari. An ba mu oda. Ba a tashin kowa sai an biya na duk shekarun da aka ɓoye shi, da tara a kai." Ya faɗi kuɗin. Ko a shekarar da gero ya yi, sai mun sayar da gonar.

Baba ya ce, "Ɗana, ina za mu samu? Ku da kuke da kes?"

Sai mutumin ya yi wata dariya mai ɗaci, ya tashi ya buɗe akwatin ƙarfen da ke bayansa, ya juya mana shi. Takardu ne a ciki da wani tsohon hatimi. Ya ce, "Ga kes. Rabin masu biya sun gudu, dabbobi sun mutu, kasuwa ba ta ci balle a yanki tikiti. Hatsi yana can jibge a Maraɗi, an ce mu za mu sayi man kamiyon da zai kwaso shi, daga cikin wannan akwatin. Na sama sun ce sun ba mu ikon kuɗinmu, mu ji da kanmu. Shi ya sa aka ce ku biya. Ni da kake gani wata uku ban ga albashi ba."

"Na rijiyarmu fa? Shekara bakwai ina biya, ni ke farawa."

"Albashin masu gadi, Baba. Da takarda, da gyaran mota, da alli na lakol. Kuɗin bai taɓa kaiwa rijiya ba, ba a ma kusa ba."

Na zube ƙasa na kama ƙafar teburin. Na roƙe shi da Allah da Annabi, na ce ya rubuta yaran kawai, ni a bar ni a mace. Ya ce ba a rataya yaro a iska, sai ƙarƙashin uwa. Ya ce in ya ƙara kai guda mai biya ba tare da kuɗinsa sun shiga ba, lissafi zai tona shi, jandarma za su zo. Na yi kuka har majina. Baba ko yana kallon babban littafin da ke buɗe a kan tebur. Bai san ko alif na boko ba, amma mutum ne mai auna abu da ido.

Ya ce, "Ɗana, wane layi ne nawa?"

Mushe Alhassan ya ɗora yatsa.

"Nata fa, wanda aka soke?"

Ya sauko da yatsan kaɗan.

Baba ya miƙa hannu ya auna. Ya ce, "Yatsa biyu ne tsakani. Mai ƙidayar nan ya sha rana a ranar, na gan shi, gumi har cikin ido. Hannun mutum ba ya zamewa yatsa biyu?"

Mushe Alhassan bai gane ba, ni ma ban gane ba. Baba ya ce, "Rabo ne ya mutu da ƙyanda a saba'in da uku. Mai ƙidaya ya yi kuskure ya soke ɗiyarsa. Kai biyu aka biya a gidan nan duk shekara, ba a taɓa fashi ba. Kai biyu za su rage. Ba wanda ake bi ko dala. Yara ba sa biya, lissafinka ba zai motsa ba."

Na ce, "Baba, a'a!" Ya ce in rufe masa baki, manya na magana.

Mutumin ya daɗe yana kallon sa. Ya ce, "Ka san abin da kake cewa? Ba ka da tiya. Ba ka da takardar ɗakin magani. In aka ci maka iyakar gona ba ka da bakin ƙara. Kuma ba zan iya tashin ka ba daga baya, kuskure sau ɗaya ake gyara shi."

Baba ya ce, "Babba guda zai fita, babba guda da yara biyu su shiga. Ni ɗan kasuwa ne, ban taɓa cin riba irin wannan ba."

Mushe Alhassan ya tashi ya tura ƙofa. Ya ɗauki jan alƙalami. Ya ce ƙa'ida ce mai shaida ya faɗi sunan wadda ake gyara wa da bakinsa. Baba ya dube ni, wannan karon cikin ido, ya ce, "Furera. Tana da rai." Aka ja layi a kan Rabo Mamman, aka yi rubutu a gefe, aka sa Isaka da Adama a ƙarƙashina, aka buga hatimi. Mushe Alhassan bai karɓi ko goro ba, mu ma ba mu da shi. Da za mu fita ya ce, "Allah ya jiƙan ka, Baba," sai kuma ya rufe bakinsa da hannu.

Mai gari Jaye ya juya kartin sama da ƙasa, ya ce shi bai ga komai ba, hatimin buro ya fi ƙarfinsa. Rabon da ya biyo aka kira Dija, aka kira Furera. Na amsa. Tiya tara muka kawo gida a maimakon shida. Baba bai je filin ba, yana gindin bedi yana tufkar igiyar da ba mai saye.

A nan ne kuma ya fito da taurin kan da ya ƙare shi. Inna ta tuƙa tuwon jar dawa ta kai masa, ya ture. Ya ce ba sunansa a ciki. Muka ce wane irin zance ne wannan, abincin gida ne. Ya ce, "Matattu ba sa cin hatsin gwamnati. Na yi wa takarda ƙarya sau biyu, ba zan ƙara da cin abin da ba nawa ba." Na yi masa faɗa, na zage shi ma, Allah ya yafe mini. Na ce wannan ba tsoron Allah ba ne, girman kai ne. Sai ya yi dariya ya ce kan ma ai an soke shi. In muka matsa masa ya karɓi loma biyu, muna juya baya sai mu ga bakin Adama yana motsi. Shi anzarsa yake ci, da ruwan zafi, da ganye in an samu. Na san lissafin da yake yi, tara a raba huɗu ta fi tara a raba biyar, kuma na tsani lissafin, amma ina kallon kumburin ƙafar ɗiyata yana saɓewa ban hana shi da gaske ba. Wannan ma ina ɗauke da shi.

Ruwa ya sauka a tamanin da biyar. Aka raba iri da karti, ni na karɓo. Baba ya ce shuka ba ci ba ce, wannan matacce ma yana iya yi. Yana sara rami yana hutawa a kan sungumi, muna bin sa muna zuba iri muna rufewa. Ya yi noman fari a durƙushe. Na biyun bai iya ba. Gero ya yi kyau a shekarar, ya fi mutum tsawo, ya fara fitar da kai. Baba ya sa muka ɗauke shi a tabarma muka kai shi bakin gona ya gani. Ya ce, "Uwata, bana za ki biya da wuri, kada a zaunar da ke a rana." Saura kamar sati uku a fara cin tumu, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya cika.

Bayan an kai shi, maza suna zaune a ƙofar gida, na fito da lulluɓi na durƙusa gefen mai gari. Na ce, "Ranka ya daɗe, wa za a aika buro ya faɗa, a soke shi?" Al'ada ce, in mutum ya mutu a kai labari don a daina bin kansa. Jaye ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Furera, ba sai an je ba. Shekararsa goma sha biyu da rasuwa."

Isaka yana nan, ga gidansa can. Adama tana aure a Cadakori, 'ya'yanta bakwai. Rijiyar an gina ta daga baya, bayan shekara ashirin, kuma da igiyar roba ake jan ruwanta. Yanzu an ce ba arondisma, komin ake cewa, an sake ce mana kuɗin a gida zai zauna. To, Allah ya sa. Ni dai duk shekara in mai karɓa ya zauna a filin mai gari, ni ce ta farko, da kuɗina ƙulle a bakin zane. Bara wani yaro mai biro ya ce mini, "Iya, ai an yafe miki, shekarunki sun wuce biya." Na ce ya karɓa ko in tara masa jama'a. Ya ce to don me? Na ce, kai dai rubuta, ɗan nan. Kan da nake biya wa ba nawa ba ne, aro aka ba ni.